Kama da Wane Ba Ta Wane: Tattara Sauro da Nazarinsa Daga Ƙasa Zuwa Ƙasa

1. Gabatarwa



Na san akwai waɗanda tun da suka ga kan wannan lacca suke tambayar kansu, shin me ya haɗa malamin Hausa da sauro? Tambayar tana bisa hanya, saboda haka bari in fara da amsa ta. Sana'ata ita ce bin diddigin kalmomi, kuma kalma ce ta jawo ni cikin wannan magana. Bahaushe yana da sunaye barkatai na doki gwargwadon launinsa, akwai akawal, akwai kili, akwai bidi, akwai danda. Haka yake rarrabe dawa, ya ce wannan ƙaura ce, waccan farfara. Amma ƙwaron da ya fi kowane ƙwaro kashe masa 'ya'ya, suna ɗaya tak ya ba shi, watau sauro. Masana kuwa sun ƙidaya irin sauro fiye da 3,500 a duniya.

A garinmu Kutemeshi, can gabashin ƙasar Birnin Gwari, sa'ad da muke yara, da zarar damina ta yi nisa sai ka ga iyayenmu mata suna turara ɗakuna da ganyen ɗoɗɗoya da magariba, a tsakar gida kuma a tayar da hayaƙi. Duk da haka, kafin kaka ta kankama da wuya ka sami gidan da zazzaɓi bai kwantar da yaro biyu ko uku ba. Wasu su ce ɗanyar masara ce, wasu su ce dukan ruwa ne. Wasu yaran suna tashi, wasu kuwa sai dai a je a ce wa iyayensu Allah ya sa masu ceto ne.

Wannan ba labarin Kutemeshi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an kamu da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a Nijeriya suke, haka kuma kimanin uku cikin kowane goma na waɗanda suka rasu, yawancinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Abin da nake so in nuna a yau shi ne, ba a san sauron ƙasar Hausa ba sai da aka kama shi, aka jera shi kusa da na wasu ƙasashe, aka gwada. Duk nasarar da aka samu a yaƙi da zazzaɓi, da duk asarar da aka tafka, suna da alaƙa da wannan aiki na kamu da gwaji.

2. Wane sauro ne mai laifin?

A shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar zazzaɓi a cikin jinin majiyyaci. A ran 20 ga Agusta, 1897, wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya feɗe cikin wata sauro a Indiya ya sami ƙwayar cutar tana girma a jikin tumbinta. Shekara guda bayan haka Giovanni Grassi da abokan aikinsa a Italiya suka tabbatar da cewa gida ɗaya ne kurum daga cikin gidajen sauro yake ɗaukar zazzaɓin ɗan Adam, shi ne gidan Anofilis. Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta marar amfani.

Gidaje uku ne suka fi shafarmu. Na farko Kuleks, sauron kwata da masai, wanda yake hana mu barci da kukansa a birane, amma ba ya kawo zazzaɓin da muke magana. Na biyu Edis, mai zane baƙi da fari a ƙafa, mai cizo da rana, shi ke yaɗa shawara. Na uku Anofilis, wanda ake gane shi da yadda yake sauka a bango, kai ƙasa gindi sama, kamar an kafa ƙusa a karkace. Tsutsarsa ma daban take, tana kwanciya a miƙe a fuskar ruwa, ta Kuleks kuwa reto take yi kai ƙasa.

Macen ce kaɗai ke cizo, domin da jini take nunar da ƙwai. Namiji ruwan furanni yake sha. In ta sha jinin mai zazzaɓi, sai ƙwayar cutar ta yi kwana goma zuwa sha huɗu a jikinta kafin ta kai ga jakar miyaunta, sa'an nan ne cizonta yake zama haɗari. Ke nan tsohuwar sauro ita ce abar tsoro. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sunayen da aka ba irin Anofilis na Afirka su kansu shaida ne cewa ilmin nan da yawo aka tara shi. A 1900 George Giles ya raɗa wa wani iri da aka kamo a Saliyo suna funestus, watau mai jawo makoki. A 1902 ya raɗa wa wani suna gambiae, saboda ƙasar Gambiya. A 1905 Walter Patton ya sa wa wani da ya samu a yankin Adan, kudancin ƙasar Larabawa, suna arabiensis. Duka ukun nan suna kwana a ɗakunanmu.

3. Yadda ake kamu

Mai nazarin sauro maharbi ne, kuma kowace dabara tasa tana amsa wata tambaya ce daban.

In ana so a san yawan cizon da mutum ke sha a dare, sai a zaunar da mutum ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, da tocilan a hannu da wani ɗan bututu a baki. Da zarar sauro ta sauka a ƙwaurinsa sai ya zuƙe ta cikin bututun, ya hura ta cikin ƙoƙo mai rufin raga. Kowace sa'a da ƙoƙonta, daga magariba har asuba, wani a cikin ɗaki wani a waje. Da haka ake sanin lokacin da cizo ya fi yawa, da kuma inda ya fi yawa. Aiki ne mai haɗari, shi ya sa ake ba masu yinsa maganin rigakafi, ana kuma ta neman tarkon da zai maye gurbin mutum. Akwai tarko mai ƙaramar fitila da fanka da ake ratayawa kusa da gidan sauron da mutum ke kwance a ciki.

In kuwa ana so a san waɗanda suka kwana a ɗaki, sai a zo da sassafe a shimfiɗa fararen zannuwa a ƙasa da kan gado, a rufe ƙofa da taga, a fesa filit. Bayan minti goma a fito da zannuwan a tsince gawawwakin da hantsaki. Waɗanda suke cizo su gudu kuwa, tarko ake ɗaura musu a bakin taga. Masu hutawa a waje ana haƙa musu rami mai inuwa, ko a neme su a gindin rumbu da kogon itace. Tsutsa kuma da ludayi ake ɗibarta a kududdufi, da sawun shanu, da ramin da aka ɗebi ƙasar gini.

Daga nan sai ɗakin gwaji. A ƙarƙashin madubin likita ake zare jakar miyau a duba ko akwai ƙwayar cuta. Ana duba jakar ƙwai a gane ko macen ta taɓa yin ƙwai, watau a san tsohuwa ce ko yarinya. Ana matse jinin cikinta a kan takarda a gwada a ga na mutum ne, ko na saniya, ko na akuya. Ana kuma zuba masu rai cikin wata kwalba da aka liƙa wa takarda mai magani, su yi sa'a guda, sa'an nan bayan kwana ɗaya a ƙidaya waɗanda suka mutu. Wannan gwaji iri ɗaya ne a duk duniya, domin a iya kwatanta sakamakon Kano da na Kisumu ta ƙasar Kenya.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi kama da sana'ata, shi ne rubutu. Kowace sauro da aka adana, ko a soke da allura ko a cikin 'yar kwalba, dole a rubuta sunan garin da aka kama ta, da ranar, da dabarar da aka yi, da sunan wanda ya kama. Sauron da ba shi da wannan 'yar takarda, shara ce. Sa'ad da nake karatu a Ingila wani abokina ya kai ni babban gidan adana halittu na London, ya jawo mini akwatunan sauro. Abin da ya tsayar da ni shi ne waɗannan 'yan takardu, rubutun hannu ƙanana kamar ƙwayar gero, wasu sun girmi kakana, amma har yau suna ba da shaida.

4. Sauron Ambursa da alfadari

A 1954 aka fara wani aikin gwaji a yammacin lardin Sakkwato, wajajen Birnin Kebbi, inda aka riƙa fesa wa bangon ɗakuna magani. An raba yankin, wani sashe aka fesa DDT, wani BHC, wani kuma dieldrin. Hikimar feshin bango ita ce abin da na ce ku riƙe ɗazu: in sauro ta sha jini ta sauka a bango don ta huta, maganin zai kashe ta kafin ta tsufa har ta iya yaɗa cuta.

Da farko abin ya yi kyau. Amma a 1955, shekarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓi daga duniya, sai aka lura cewa sauron Ambursa, kusa da Birnin Kebbi, ya daina jin dieldrin. Aka ɗauki ƙwansa aka aika London, wurin wani masani George Davidson, wanda yake kiwon sauron ƙasashe daban-daban a cikin keji. Davidson ya so ya san yadda ake gadon wannan taurin kai, saboda haka ya haɗa na Ambursa da na Ikko, watau Legas, wanda har lokacin yana jin magani. Ya sami amsarsa, cewa gadonsa ake yi kai tsaye daga iyaye. Amma ya ci karo da abin da bai nema ba: 'ya'ya mazan da aka samu daga wannan haɗi ba su haihuwa.

Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. In jaki ya hau goɗiya ana samun alfadari, alfadari kuwa ba ya haihuwa, domin jaki da doki ba iri ɗaya ba ne. To, haka na Ambursa da na Ikko, duk da cewa ko da madubin likita ba a iya bambanta su. Davidson ya ci gaba da karɓar ƙwai daga ƙasashen Afirka yana haɗawa, har a 1962 ya bayyana cewa abin da ake kira gambiae a ruwan daɗi iri biyu ne, ya kira su A da B. Daga baya aka bar wa A sunan gambiae, aka mayar wa B tsohon sunan nan arabiensis. A yau an san aƙalla iri takwas a cikin wannan dangi. Kama da wane dai ba ta wane.

Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kurum. Shi gambiae ɗan ɗaki ne, jinin mutum yake so. Shi arabiensis ya fi jure fari, yana cizon mutum yana cizon saniya, yana kuma yawan hutawa a waje. Akwai melas mai yin ƙwai a ruwan gishiri na bakin teku. Akwai quadriannulatus a kudancin Afirka wanda dabbobi yake bi, ba ya cikin masu yaɗa zazzaɓi. Wanda bai bambanta su ba zai iya ƙarar da dukiyar jama'a wajen yaƙar marar laifi, ko ya fesa bango alhali abokin gaba yana gindin rumbu.

5. Darasin Garki

Gwaji mafi girma da aka yi a ƙasar Hausa shi ne na Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, tun 1991 kuma take jihar Jigawa. Gwamnatin Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka gudanar da shi daga 1969 zuwa 1976. Tambayar ita ce, shin in aka haɗa feshi mai kyau da rabon magani ga jama'a, za a iya katse zazzaɓi a irin wannan ƙasa tamu?

Sai da aka yi fiye da shekara ana kamu da ƙirga kafin a fesa ko ɗigo ɗaya. A ƙauyen da abin ya fi tsanani, an ƙiyasta mutum yana shan cizo mai ɗauke da cuta fiye da sau ɗari a shekara, kusan duka da damina. Sa'an nan a daminar 1972 da ta 1973 aka fesa wani magani mai suna propoxur a ƙauyuka 164. Ƙarfin sauro na yaɗa cuta ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin ɗari, amma yawan masu ƙwayar cuta a jini bai ragu ba sai da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Inda aka haɗa da rabon magani, cutar ta yi ƙasa ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta komo.

Me ya sa? Wani ɓangare na amsar ya fito daga hannun wani masani na Jami'ar Rum, Mario Coluzzi. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zaruruwa da suke ɗauke da gadon iyaye, bari mu kira su zaren gado. Coluzzi ya nuna cewa a jakar ƙwan macen da ta sha jini, zaren nan yana kumbura har a ga zane-zanensa kamar na saƙi, kuma da wannan zane ana iya bambanta gambiae da arabiensis ba sai an yi wahalar haɗa su aure ba. Har ila yau ya ga cewa ko a cikin iri ɗaya, wasu suna da wani yanki na zaren a juye, kamar a yanke tsakiyar tasbaha a mayar da shi kai a gindi.

Coluzzi da abokan aikinsa suka tattara sauro daga kurmin kudancin Nijeriya har zuwa sahel, suka buga sakamakon a 1979. Sun tarar wasu juye-juyen suna ƙaruwa sannu a hankali yayin da ake yin arewa ƙasa tana ƙara bushewa, suna kuma ƙaruwa da rani su ragu da damina. Sa'an nan masu wani juyin sun fi son hutawa a ɗaki, masu wani kuwa a waje. Ma'ana, maganin bango yana kashe 'yan ɗaki ne, 'yan waje kuwa suna cizo su fice, su tsufa, su ci gaba da yaɗa cuta. Bayanan Garki, waɗanda Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka tattara a littafi a 1980, har yanzu masu lissafin yaɗuwar zazzaɓi a jami'o'in duniya suna gwada ƙididdigarsu da su. Coluzzi ya rasu a 2012, a 2013 kuma aka raba gambiae gida biyu, aka sa wa ɗaya suna coluzzii don tunawa da shi.

6. Sauro ba ya neman fasfo

Dalili na biyu da ya sa ake kwatanta sauron ƙasashe shi ne, sauro matafiyi ne. A 1930 wani masani Ba'amurke, Raymond Shannon, ya ɗebi tsutsa a wani fili a birnin Natal na ƙasar Barazil, ya gane cewa ta Afirka ce. An yi imani cewa ta ƙetara teku ne a cikin jiragen ruwa masu kai wasiƙu daga Dakar. A 1938 annobar zazzaɓi ta ɓarke a arewa maso gabashin Barazil, ta kashe mutum fiye da 14,000. Fred Soper ya jagoranci dubban ma'aikata suna bin kududdufi ɗaya ɗaya da gida ɗaya ɗaya, har aka ga bayan baƙon a 1940. Wasu daga cikin sauron da aka kama a lokacin an ajiye su a gidajen adana halittu. A 2008 masana suka koma kansu da sababbin na'urori, suka gano ashe arabiensis ne, mai jure fari, abin da ya dace da busasshiyar ƙasar da ya mamaye. Kun ga amfanin ajiya da 'yar takarda. Bayan shekara kusan saba'in, mataccen sauro ya amsa tambayar da ba a san da ita ba ranar da aka kama shi.

Mu ma yanzu mun yi baƙo. Anofilis stephensi sauron Indiya ne da ƙasashen Gabas ta Tsakiya. Bambancinsa da namu shi ne ɗan birni ne, yana yin ƙwai a tankin ruwa, da randa, da rijiya, da ruwan da magina ke tarawa, saboda haka rani ba ya kashe shi. An fara ganinsa a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta ga masu zazzaɓi 27 kacal. A 2020 adadin ya haura 73,000. An same shi a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a jihar Gombe a 2020, a Ghana da Kenya a 2022. Wanda bai san yadda na gida yake ba, ba zai gane baƙo in ya shigo ba.

Akwai kuma tsohuwar tambaya da kowane manomi zai iya yi: ina sauro yake shiga da rani, in kududdufai sun ƙafe wata bakwai, har ya bayyana da ruwan farko? Masu bincike a ƙasar Mali sun shafa wa sauro kusan 7,000 launi a ƙarshen daminar 2008 suka sake su, bayan wata bakwai suka sake kama mace ɗaya da ranta. Wannan ya nuna wasu suna ɓuya ne su yi kwanan rani, kamar yadda gaiwa ke yi a cikin laka. Sa'an nan suka ɗaura raga mai danƙo a jikin balan-balan, suka tashe ta sama mita 40 zuwa 290 da dare. A 2019 suka bayyana cewa sun kama Anofilis a can sama, yawancinsu mata da suka riga suka sha jini, kuma iska tana iya kai su har kilomita 300 a dare ɗaya. Wanda ya tashi daga Maraɗi da magariba, ke nan, yana iya wayar gari a ƙasar Kano.

7. Zamanin karanta gado

A 2002 aka kammala karanta dukan rubutun gado na gambiae. Daga nan masana na ƙasashe da yawa suka haɗu, cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij tana karantawa, masu kamu a Afirka suna aikawa. A 2017 suka buga sakamakon sauro 765 daga wurare 15 a ƙasashe takwas. Sun tarar bambancin gado a tsakanin sauron Afirka yana cikin mafi yawa da aka taɓa gani a wata halitta. Sun kuma ga cewa gadon ƙin jin magani ya tsiro a wurare daban-daban, kuma iri ɗaya yakan bayyana a ƙasashen da ke nesa da juna ƙwarai. Abin lura, Nijeriya, wadda ta fi kowace ƙasa masu zazzaɓi, ba ta cikin ƙasashe takwas na wannan zagaye na farko.

Maganar Ambursa ba ta mutu ba. Gidan sauron da ake rabawa a asibitoci an jiƙa shi da magani ne, kuma shekara da shekaru dangin magani ɗaya ake sawa. A 2014 masana na Jami'ar Bayero ta Kano da takwarorinsu na Liverpool suka ba da rahoton cewa coluzzii da suka kamo a wuraren noman rani na Bunkure da Auyo ya yi nisa wajen ƙin jin wannan magani da DDT. Irin waɗannan rahotanni daga ƙasashe da dama su suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sababbin gidajen sauro masu haɗin magani biyu, a 2017 da kuma 2023. Wane iri za a saya wa wace jiha, amsar tana cikin kwalbar gwaji.

8. Mu koma Kutemeshi

Ƙasar Birnin Gwari tana tsakanin damshin kudu da fari na arewa, watau daidai inda binciken Coluzzi ya nuna halin sauro yana sauyawa. A farkon shekarun 1960 wani masani Bature, Michael Service, ya yi nazarin sauron irin wannan daji a ƙauyukan kewayen Kaduna, ya buga a 1963. To, tun daga lokacin abubuwa nawa ne suka sauya? An sare daji an yi gonaki, rana ta sami kududdufan da a da ke cikin inuwa, gambiae kuwa ruwa mai rana yake so. Masu haƙar zinariya sun bar ramuka da ke cika da damina. Noman rani ya ƙaru a fadamu, kuma maganin ƙwarin da manomi ke fesa wa wake da kayan lambu dangin na gidan sauro ne, yana gangarawa ruwan da tsutsa take, ta saba da shi tun tana ƙarama. Shekarun da aka yi ana fama da 'yan bindiga a dazukan Kamuku da Kuyambana da kewayensu sun tarwatsa ƙauyuka, sun sa mutane kwana a fili ba gidan sauro, sun kuma sa ya yi wuya ma'aikacin lafiya ya kwana a ƙauye yana kamu. Inda cuta ta fi samun dama, nan ne ido ya fi wuyar kaiwa.

Ina da shawara uku. Ta farko, a horar da 'yan gari su yi kamun da kansu. Shimfiɗa zane, da tsince sauro, da rubuta gari da rana, ba sa bukatar digiri. Malamin asibitin ƙauye da ɗaliban sakandare za su iya, su aika Zariya ko Kaduna. Tun asali ma mutanen ƙasa ne suka zauna da ƙafa a buɗe a Ambursa da Garki, ko da yake ba sunayensu ne ke bangon littattafan ba.

Ta biyu, jami'o'inmu su yi ma'ajiyar sauro ta dindindin. Aika samfur waje ba laifi ba ne, da haka aka gano abin da na zayyana. Amma a bar kwatankwacinsa a gida, a kuma dawo da sakamakon wurin waɗanda aka shiga ɗakunansu. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗauki halitta daga cikinta tana da haƙƙi a amfanin da aka samu.

Ta uku ta shafe mu, malaman harshe. Muddin kalma ɗaya ce muke da ita, to, tunani ɗaya za mu yi. Uwar da aka ce wa sauro ke kawo zazzaɓi, in ta ga babu mai kuka a kunne sai ta naɗe gidan sauro, alhali mai laifin ba shi da yawan kuka. Wajibi ne mu zauna da masana ƙwari mu raɗa wa waɗannan halittu sunayen da manomi zai riƙe, kamar sauron kwata, da mai zane, da mai goho, mu sa su a littattafan firamare da shirye-shiryen rediyo.

9. Kammalawa

Jama'a, mun taso daga Aljeriya da Indiya, mun bi ta Ambursa da London, da Garki da Rum, da Natal da Jibuti, muka komo gida. A kowane zango abu ɗaya ne ya faru: wani ya kama sauro, ya rubuta inda ya kama shi, wani a wata ƙasa ya jera shi da nasa, sai aka ga abin da ba a gani da ɗaya. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Iyayenmu mata da ke turara ɗoɗɗoya sun yi iyakar abin da suka sani. Mu da aka kashe wa dukiyar jama'a muka yi karatu, abin da ake binmu shi ne mu san wane ne ke shiga ɗakin yaran Kutemeshi, da ƙarfe nawa yake shiga, da kuma maganin da har yanzu yake ji.